Tambaya da Amsa: An ba mu notis na wata biyu a Ingila ba tare da laifi ba, dole ne mu tashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da mijina da yaranmu biyu muna haya a birnin Leeds tun 2023, muna biyan fam 900 a wata. Da za mu shiga, dillalin ya karɓi fam 1,800 a matsayin kuɗin ajiya, kuma ban da rasit bai ba mu wata takarda a kansu ba. Da sanyin bana funfuna ta cinye bangon ɗakin yara, na yi ta aika wa mai gidan saƙo, bai gyara ba. A wannan wata na Fabrairun 2026 sai ga takarda, wai notis na Sashe na 21, mu tashi nan da wata biyu, alhali ba mu taɓa makara da kuɗin haya ba. Dillalin ya ce ranar da wa'adi ya cika zai canza makulli. Wata abokiyar aikina kuma ta ce an riga an soke irin wannan notis. Wace maganar zan kama?
Mai karatu daga Leeds

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abokiyar aikinki ta ji labarin, amma ta riga lokaci. An sa hannu a sabuwar dokar kare 'yan haya a watan Oktoban 2025, sai dai soke Sashe na 21 ba zai fara aiki ba sai ranar 1 ga Mayun 2026. Kafin wannan rana Sashe na 21 na dokar gidaje ta 1988 yana ba mai gida damar neman gidansa ba tare da ya faɗi dalili ba, muddin ya cika dukkan sharuɗɗan da aka gindaya masa, kuma a nan ne da yawansu suke tuntuɓe.

Maganar dillalin kuwa barazana ce wadda doka ba ta goyi bayanta ba. Notis ba ya kawo ƙarshen haya. Idan wa'adin ya cika kuna ciki, sai mai gidan ya je kotu ya samo umarni, idan kuma ranar da alƙali ya sa ta wuce, ma'aikatan kotu ne kaɗai suke da ikon fitar da ku. Canza makulli ko yanke wuta da ruwa don a tilasta muku fita laifi ne da ake hukunta mutum a kansa a ƙarƙashin dokar 1977. Idan a rubuce ya yi wannan magana, ki adana saƙon.

Yanzu ki ɗauko takardar ki duba samanta. Dole ne ta zama fom mai lamba 6A ko takarda mai ɗauke da duk abin da ke cikinsa, kuma ta ba ku aƙalla cikakkun watanni biyu daga ranar da ta isa gare ku. Mai gidan yana da wata shida daga ranar da ya bayar da ita ya shigar da ƙara, kuma saboda sabuwar dokar ba za a karɓi irin wannan ƙara bayan 31 ga Yulin 2026 ba.

A ganina, kuɗin ajiyar nan su ne babbar hujjarku, ta fuska biyu. Ta farko, dokar 2019 ta hana karɓar ajiyar da ta wuce kuɗin hayar mako biyar a gida irin naku. Fam 900 a wata ya kama kusan fam 208 a mako, wato iyakar abin da ya halatta a karɓa bai wuce fam 1,038 da 'yan kai ba. An karɓi rarar kusan fam 762 ke nan, kuma muddin ba a mayar muku da ita ba, notis ɗin bai inganta ba. Ta biyu, wajibi ne a saka kuɗin cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin hukumomin ajiya uku da gwamnati ta amince da su, wato Deposit Protection Service da MyDeposits da Tenancy Deposit Scheme, sannan a ba ku bayanin inda aka saka a rubuce. Kowace tana da shafin intanet da za ki bincika da sunanki da lambar unguwarku da ranar da kuka shiga. Idan babu sunanku a ko'ina, mai gidan ba shi da ikon ba ku wannan notis sai ya fara mayar da kuɗin, kuma kuna iya neman kotu ta sa ya biya ku diyya daga ninki ɗaya zuwa uku na kuɗin ajiyar.

Ki kuma tuna ko an ba ku takardar shaidar duba na'urorin gas, da ta ƙimar amfani da makamashi a gidan, da ɗan littafin gwamnati mai suna How to Rent. Ki duba imel ɗinku na 2023 tukuna, domin sau da yawa ta nan ake turo su mutum ya manta.

Batun funfuna ya fi rauni fiye da yadda mutane suke zato. Ko da a fili yake cewa ƙorafinki ne ya jawo takardar, saƙonninki kaɗai ba sa rushe ta. Kariyar tana zuwa ne idan kun kai kuka sashen kula da lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma, jami'ansu suka duba gidan suka ba mai shi umarnin gyara a hukumance. Ki kai rahoton yanzu tare da hotuna, ko don ƙirjin yaran.

Kada ki yi gaggawar nuna wa dillalin inda ya yi kuskure. Idan ya farga yau, zai mayar da kuɗin ya rubuto sabon notis mai inganci kafin Mayu, amma idan ranar ta wuce, ƙofar ta rufe, sai mai gidan ya kawo dalilin da doka ta sani, kamar sayar da gidan ko komawa cikinsa, wanda ke buƙatar notis na wata huɗu. Ki kai takardun wurin ƙungiyoyin ba da shawara irin su Shelter ko Citizens Advice su tabbatar miki kyauta kafin ki amsa masa. Ku ci gaba da biyan haya ta banki a kan lokaci, domin bashin wata biyu zai ba mai gidan wata hanyar dabam ta Sashe na 8, wato neman gida bisa dalili.

Idan takardun kotu suka zo, kwana 14 kike da su ki mayar da fom ɗin kare kai, kuma a cikinsa ne za ki rubuta maganar ajiyar. Wanda ya yi shiru, ana iya yanke masa hukunci ba tare da zama ba, a kuma ɗora masa kuɗin ƙara. Kada ku fita da kanku kafin ku yi magana da ƙaramar hukuma, domin tana iya ɗaukar ku a matsayin waɗanda suka bar muhallinsu da gangan. Idan bizarku ta hana ku cin tallafin gwamnati, sashen gidaje ba lalle ya ba ku masauki ba, amma sashen kula da yara yana iya taimakon iyali mai ƙananan yara, kuma kariyar da doka ta ba ɗan haya daga korar ƙarfi ba ta duba irin bizar da yake riƙe da ita.