Tambayoyinku kan Fasaha: Me Ake Yi a Tashar Ƙasa ta Tauraron Ɗan'adam?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Nakan ga hotunan wasu manya-manyan farantai a jere a fili, an ce tashar ƙasa ce ta tauraron ɗan'adam. Me ya raba su da ɗan dish ɗin da ake kafawa a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dish na gida karɓa kawai yake yi, ita kuwa tashar ƙasa tana aikawa tana karɓa. Tauraron sadarwa ba ya ƙirƙirar shiri ko kiran waya da kansa. Aikinsa ya karɓi siginar da aka harba masa, ya sauya mata zango, ya ƙara mata ƙarfi, ya maido ta ƙasa. Duk abin da dikodarka ta nuna maka, wata tasha ce ta fara tura shi sama.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne raunin siginar. Tauraron yana tazarar kilomita 35,786 a saman layin ikwaita, kuma a wannan tafiya sigina takan yi asarar kusan desibel 200, wato a raba ƙarfinta da ɗaya mai sifiri 20 a bayansa. Girman faranti da tsadar kayan tasha duk saboda wannan ne.

Idan za a aika, bayanai sukan shiga modem, ya mai da su sigina a ƙaramin zango, ko megahaz 70 ko tsakanin 950 da 2150. Wata na'ura ta ɗaga ta zuwa zangon tafiya sama: gigahaz 6 a zangon C, 14 a Ku, 30 a Ka. Sai amfilifaya mai ƙarfi ta ɗauka, mai wat ɗaruruwa ko dubbai a babbar tasha, ko wat 2 zuwa 8 a ƙaramar tasha mai ɗan faranti da ake kira VSAT. Daga nan ba waya take bi ba, bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu wanda cikinsa fanko ne, shi ke kai ta bakin eriya. Wajen karɓa kuma a juye ne: faranti ya tattaro sigina a gigahaz 4, ko 11 zuwa 12, ko 20, ya zuba ta cikin amfilifaya mai ƙarancin hayaniya da aka ɗaura daf da bakin eriyar. Dole ta zauna daf ɗin, domin duk asarar da aka yi kafin ta, ba na'urar da za ta iya maido ta daga baya.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce. Yaushe aka fara gina irin waɗannan tashoshi?

Amsa: 'Yar'uwa, tashoshi uku ne aka fi tunawa da su, kuma duk don tauraro ɗaya aka gina su, wato Telstar, wanda aka harba ranar 10 ga Yuli, 1962. Akwai Andover a jihar Maine ta Amurka, da Pleumeur-Bodou a Faransa, da Goonhilly a yankin Cornwall na Ingila.

Telstar ƙarami ne, nauyinsa kilo 77, kuma ƙarfin da yake aikawa da shi bai wuce kimanin wat 2 ba. Ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana zagaye duniya cikin sa'o'i biyu da rabi da ɗoriya, kuma kusan minti 20 ne kacal ɓangarorin Tekun Atlantika biyu ke ganinsa a lokaci guda. Don haka sai eriya ta zama ƙatuwa, kuma ta iya bin sa a guje. Kamfanin waya na Amurka, AT&T, ya gina eriya mai siffar ƙaho a Andover, tsawonta kimanin mita 54, aka rufe ta da wata rumfa da ake hura wa iska don kare ta daga dusar ƙanƙara da guguwa. Faransawa suka kafa irinta. Hukumar gidan waya ta Birtaniya kuwa ta ɗauki wata hanya: faranti a fili ba rumfa, faɗinsa kusan mita 26, nauyinsa ya haura tan 1,000, wanda aka laƙaba wa suna Arthur. Wannan tsari shi ne ya ɗore, shi ya sa yau farantai kike gani ba ƙahoni ba.

A daren farko hoto ya fito tangaram a Faransa, amma a Goonhilly ya zo da kyar. Ba tauraron ne da laifi ba. Siginar tana tafiya ne tana murɗawa, ko dama ko hagu, kuma an samu saɓanin fahimta kan wane ɓangare ake nufi, aka ɗaura wani sashe a juye. Da aka gyara washegari hoto ya fito. Har gobe wannan kuskure yana kama masu kafa eriya.

Wani abin lura: amfilifayar karɓa ta wancan zamani sai an sanyaya ta da ruwan iskar hiliyam zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifiri kafin hayaniyarta ta ragu yadda za a ji Telstar. Yau ɗan LNB, wato na'urar karɓa da ke gaban dish na gida, yana aikinsa cikin zafin rana.

Bayan haka abubuwa suka yi sauri. An kafa ƙungiyar sadarwar tauraro ta ƙasa da ƙasa, Intelsat, a 1964, ta harba tauraron Early Bird a Afrilun 1965, mai ɗaukar layukan waya 240 ko tashar talabijin ɗaya. Ƙasashe suka shiga gina farantai masu faɗin mita 30 bisa ƙa'idar Intelsat, kafin daga baya a rage girman da taurari suka ƙara ƙarfi.

Tambaya: Idan tauraron yana tsaye wuri ɗaya, me ya sa ake sa wa babban faranti injin juyawa?

Amsa: Domin ba tsaye yake cak ba. Jan wata da na rana suna gusar da shi, masu kula da shi kuma suna harba ƙananan injinansa lokaci-lokaci don ya zauna cikin iyakar digiri 0.05 zuwa 0.1. Ɗan dish mai mita 1.2 a zangon Ku yana ganin faɗin sama na kusan digiri ɗaya da rabi, wannan gusawa ba ta dame shi ba. Faranti mai mita 30 a gigahaz 4 kuwa abin da yake gani bai kai digiri 0.2 ba, kamar mai leƙe ta cikin kara. Ƙanƙanin motsi ya isa ya rage sigina.

Shi ya sa tauraro ke fitar da wata sigina ta alama da ba ta yankewa. Na'urar bibiya takan ɗan gusa farantin, ta auna ƙarfin alamar; in ya ƙaru ta ci gaba, in ya ragu ta koma. Taurari na kusa, masu wucewa cikin 'yan mintoci, ana bin su ne da lissafin hanyarsu da aka loda wa kwamfuta tun kafin su ɓullo. Saiti ba don kanka kaɗai ba ne: taurari da yawa digiri 2 ne tsakaninsu, kuma tashar da ta aika a karkace maƙwabci take ɓata wa aiki.

Tambaya: Da zuwan wayar fayiba ta ƙarƙashin teku, ashe tashoshin nan ba su mutu ba?

Amsa: Sun rasa kasuwar kiran waya tsakanin nahiyoyi, kuma da dalili. Hawa da sauka yana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, tambaya da amsa rabin daƙiƙa, a intanet ma yakan kai milisakan 600. Fayiba ba ta da wannan jinkiri. Kamfanin sadarwar Birtaniya, BT, ya dakatar da aikin tauraro a Goonhilly a 2008, amma wani kamfani ya karɓi wurin, aka gyara faranti mai mita 32 don magana da kumbunan da ke zuwa wata. Starlink ma, da taurarinsa ke tazarar 'yan ɗaruruwan kilomita kacal daga ƙasa, sai da tashoshin ƙasa da ke haɗa su da fayiba.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaci ne a wata ƙaramar tasha. Sigina takan faɗi, wani lokaci da ruwan sama, wani lokaci sama garau. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da rubuta lokacin da take faɗuwa, domin lokacin shi ke tona asirin matsalar.

In da ruwa take tafiya, ɗigon ruwa ne ke shanye ta. Zangon C bai cika damuwa ba, Ku yana jin jiki, Ka ya fi kowa. Maganinsa tasha ta ƙara ƙarfin aikawa da kanta gwargwadon raguwar siginar alama, ko modem ya sauka zuwa tsari mai jinkiri amma mai juriya, kamar yadda ƙa'idar aika sigina ta DVB-S2 ta tanada. Manyan kamfanoni sukan kafa tasha ta biyu da tazarar kilomita gommai, don hadari ɗaya ba ya rufe duka biyun. Amma in ruwa ya ɗauke sigina ba ta dawo daidai ba, to ba hadari ba ne, ruwa ya shiga wani wuri. Duba murfin bakin eriya ko ya tsage, duba mahaɗan kebul ko sun yi kore, duba na'urar da ke hura busasshiyar iska cikin bututun. In tana aiki ba hutawa, akwai inda iska ke fita, kuma nan danshi ke shiga.

In kuwa da rana tsaka take faɗuwa na 'yan mintoci, kusan lokaci ɗaya kullum, kwanaki kaɗan a jere wajen Maris ko Satumba zuwa farkon Oktoba, rana ce ta tsaya a bayan tauraron, hayaniyarta ta danne siginar. Kada ka taɓa saiti. Dakatar da na'urar bibiya a wannan lokaci, don kar ta bi rana ta bar tauraron.

In a zangon C kake kuma matsalar ta fara ba zato, nemi ko an kafa turken 5G a kusa. Zangonsa na gigahaz 3.4 zuwa 3.8 yana cika LNB har ya kasa aiki, kuma na'urar tace sigina da ake sawa tsakanin bakin eriya da LNB ita ce gyara.

Kafin ka hau faranti don duba ɗaya daga cikin waɗannan, kashe amfilifayar aikawa, ka kulle makunninta, mabuɗin yana aljihunka. Wannan sigina ba a ganinta, amma tana dafa nama, kuma ido ne ke fara lalacewa.