Zan sayi kwale-kwale na hannu, ya zan gane mai lafiya?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a ban shawara. Ni ɗan Dakace ne nan Zariya, ina ɗan taɓa kamun kifi a kogin Galma amma da jirgin aro, rabin kifin mai jirgi ke kwashewa. Yanzu wani zai saida min nasa na katako, yace shekara 3 kacal yayi, ya sha sabuwar kwalta sai ƙyalli yake, kuma wai in haɗa da injin Yamaha mai ƙarfin doki 15. Ya zan gane lafiyarsa, kuma ta ina zan fara tayi?

AMSA: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Gaskiya wannan sabuwar kwaltar da ta burge ka ita ce ni ta ɗan tsorata ni, dan kwalta ba abinda bata rufewa, tsaga ne, ruɓa ne, tsohon faci ne. Kace a kife maka shi a tudu, ka ɗau guduma ƙarama ko bayan wuƙa ka bi gindin kana ƙwanƙwasawa, katako mai rai ƙararsa garau take fita, ruɓaɓɓe kuwa sai kaji dub dub kamar ka bugi kabewa. Inda kaji haka soka tsinin wuƙa, in ta shige ba gardama to wannan katakon ya gama aiki. Ka fi tsayawa a mahaɗar katako da katako, da wajen ƙusoshi, in kaga tsatsa ta zagaye ƙusa ta yi baƙi to ramin ya buɗe kenan.

Ka tambayi icen ma. Maɗaci da ƙawo suna jure ruwa sosai, rimi kuwa ba nauyi amma baya daɗewa, dan haka shekara 3 ɗin da ya faɗa ba ita ce magana ba.

Sannan kar ka yarda a gama ciniki a tudu wallahi. A tura shi ruwa, ku shiga ku biyu da taru da komai, ku ɗan jima, kaga ko yana karkata gefe ɗaya da kuma sau nawa zaka sa ƙwarya kwalfar ruwa. Jirgin da ya daɗe a rana dole ya ɗan yi yoyo da farko kafin katakon ya kumbura, wannan ba laifi, amma in ya kwana a ruwa da safe ka tarar ya cika, barshi kawai.

Injin kuma cinikinsa daban. Kai tukuna ma, a Galma da rani ina zaka kai doki 15, filafili da gora basu ishe ka ba? In dai ka nace, a tada shi da sanyi a gabanka, ka duba yana fitar da ruwan da ke sanyaya shi ta baya, in baya fitarwa zai ɗau zafi, a kwance man giya ka gani, in yayi fari kamar madara ruwa na shiga, ka duba farfela da fulogi.

Kuɗi kuma ka fara jin nawa ake haɗa sabo mai tsayinsa yanzu, mutanen Yawuri sun san wannan, ko ka tambayi Sarkin Ruwan wajenku. Ka kira kafinta ya yanka maka kuɗin gyara, ka cire, ka ƙara ragewa saboda tsufa, daga nan sai ka taya. In yace albarka kar ka yi saurin ƙarawa, kuma ka tabbatar da shaidu cewa jirgin nasa ne, dan ana kwance na mutane da dare a saida.