An soke tashin balan-balan a Kapadokiya alhali gari garau: damfara ce?

TAMBAYA: Malam, ni da maigidana za mu je Istambul sarin kaya, muna son mu leƙa Kapadokiya mu hau balan-balan ɗin nan mai kwando. Amma bara da ƙanena ya je, an soke tashinsu alhali ba hadari ba ruwa. Yanzu wani dillali ya ce in muka ƙara kuɗi ya san wanda zai tashi da mu ko an hana. Hankalina bai kwanta ba. Hajiya, daga Kano.

AMSA: Hajiya, gara da hankalinki bai kwanta ba. Ku rabu da wannan dillali.

Kullum sai na ji wannan magana, wai tunda sama ta washe, hana tashi cuta ce. Matuƙin balan-balan ba shi da sitiyari, ba shi da birki. Abin da ke hannunsa shi ne ya buɗe wutar gas ya ɗumama iskar ciki ta kai kusan digiri 100 ya yi sama, ko ya ja igiya ya saki zafin ya sauko. Gabas ko yamma kuwa, iska ce mai hukunci, shi dai yana hawa da sauka yana neman wadda ta nufi inda yake so. Haka abin yake tun ranar 21 ga Nuwamba 1783 da mutum biyu suka fara tashi a Paris cikin balan-balan ɗin da 'yan'uwa biyu masu suna Montgolfier suka ƙera. Saboda haka abin dubawa shi ne gudun iska a ƙasa da can sama, kuma ido ba ya ganin wannan daga tagar otal.

Yankin Kapadokiya na Turkiyya tudu ne, Goreme, garin da balan-balan ke tashi, ta haura mita 1,000 daga teku, duk kwazazzabai ne da tsaunuka masu tsini na tokar aman wutar duwatsu irin su Erciyes. Da dare iska mai sanyi takan kwanta cikin kwaruruka, shi ya sa ake ɗauko ku tun asuba. Rana na dukan dutsen, iska mai zafi ta fara tasowa a hargitse, kamar guguwar nan da ke murɗa ledoji a fili da azahar lokacin bazara. Iskar da ba ta wuce kilomita 20 a awa ba, wadda za ki ce ni'ima ce, ta isa ta ja kwando mai mutum 20 a ƙasa wajen sauka har ya kife.

Kuma ba kamfani ke yanke hukunci ba. Hukumar sufurin jiragen sama ta Turkiyya ce ke ba da izini kowace safiya, da alamar kore, rawaya ko ja. Kamfanin da aka hana shi asara yake yi, don sai ya mayar da kuɗi. To wanda ya ce zai tashi an sa ja, ko maƙaryaci ne zai cinye kuɗinku, ko ya yi niyyar wasa da rayukanku. A Yulin 2016 a Lockhart ta jihar Texas, matuƙi ya tashi cikin hazo da gajimare na ƙasa-ƙasa, ya afka wa wayoyin lantarki, mutum 16 suka rasu. Hatta bikin Albuquerque na Amurka, wanda ya fara da balan-balan 13 a 1972 yau kuma yake tara sama da 500 duk Oktoba, ana dakatar da tashi gaban dubban 'yan kallo in iska ta ƙi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne fasinjojin da ke tsaye kan matuƙi suna masifa saboda hoton Instagram.

Ku ware kwana uku a garin, ku nemi gurbi a safiyar farko, ku biya kamfani mai lasisi da ya rubuta sharaɗin mayar da kuɗi. Wajen sauka ki riƙe madaurin cikin kwando, ki lanƙwasa gwiwa, kada ki fita sai matuƙi ya ce, don fitar mutum ɗaya na iya sa kwandon ya sake tashi da sauran. In kina da juna biyu, ki yi kallo daga ƙasa.