Amsa ga uwar da 'yarta ke yage shafi saboda kuskure ɗaya

'Yar'uwa, kin ce 'yarki 'yar SS2 takan yage shafi guda in ta yi kuskure ɗaya, ta sha kuka in ta zo ta biyu a aji, shi kuwa yayanta da lissafi ya yi tsauri sai ya rufe littafi. Kina tambaya ko halin mace da namiji ne kawai.

Akwai mai dogon buri, akwai mai tsoron kuskure, kuma tun 1990 masanin halayya Randy Frost ya raba su a ma'auninsa na auna halin son aiki mara kuskure. Na biyun ne ke jawo damuwa da jan ƙafa. Ki lura da ranar da aka raba takardun gwaji: mai buri takan zauna ta duba inda ta faɗi, mai tsoro cusa takardar take yi can ƙasan jaka.

A ganina yaran nan biyu ciwonsu ɗaya. Sau da yawa yaron da ke rufe littafi ya gwammace a ce masa malalaci da a ce daƙiƙi. Mu ne muke raba musu hanya: ita ana yabonta da natsuwa da tsaftar rubutu, in ta kuskure a ce "ke da kike mace", shi kuma a ce "namiji ne, zai gyaru".

Ita, ki horar da ita da agogo. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 kowace, kuma ba a rage maki don an zaɓi amsar da ba daidai ba. Mai tsayawa sai ta tabbatar, lokaci zai ƙare mata. Ki ba ta tsofaffin tambayoyi 40 cikin minti 27, sau uku a mako, da biro. In ta yi kuskure ta ja layi ɗaya ta wuce, ba yagewa, ba sake kwafa. Makon farko hankalinta zai fi tashi, kuma a nan iyaye ke janyewa. Ki daure.

Shi kuma, minti 15 kan tambayar da ta gagare shi, ya nuna miki gwaji biyu a rubuce kafin ya nemi taimako.

Ki rage "kina da ƙwaƙwalwa". A binciken masana halayya Mueller da Dweck na 1998, yaran da aka yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Ki ce, "Na ga kin sake gwada tambaya ta bakwai ɗin nan."

Barci awa 8 zuwa 10 'yarki take buƙata, ko da jarrabawa. Bayan balaga ciwon damuwa ya fi kama 'yan mata, kusan ninki biyu. In ta kai mako biyu ba ci, ba barci, ko ta fara cewa gara ta mutu, ki kai ta wurin likita ranar, kada ki jira hutu.