Kun Tambaya Mun Amsa: Wai Mista Bin bebe ne da gaske?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon saƙonni uku muka samu duk akan mutum ɗaya, don haka muka haɗe su wuri guda.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Don Allah ina so a bani tarihin Mista Bin, musu ne ya kaure a majalisarmu, wani yace bebe ne wani yace taɓin hankali gareshi aka ɗauko shi ake masa fim. Ni dai tun ina yaro nake kallonshi a kaset ban taɓa jin yayi magana doguwa ba. Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. To ka koma majalisa ka gaya musu duk su biyun basu canka ba. Sunanshi na gaskiya Rowan Atkinson, Bature ne ɗan Ingila, an haife shi ran 6 ga Janairun 1955 a wani gari da ake kira Consett can arewa maso gabashin ƙasar, kuma shine autan gidansu. Babanshi manomi ne kuma darakta a kamfani. Wannan mutumin da ake cewa mai taɓin hankali injiniyan lantarki ne fa, yayi digirin farko a jami'ar Newcastle sannan ya wuce Oxford yayi digiri na biyu duk a fannin lantarkin. A Oxford ɗin ne ya haɗu da Richard Curtis wanda daga baya suka dinga rubuta wasanni tare, kuma tun yana ɗalibi a can ya fara gwada wannan ɗabi'ar ta ƙaton mutum mai halin yara, yana tsayawa gaban madubi yana murguɗa fuska.

Abinda da yawanmu nan bamu sani ba shine ba da Mista Bin ya fara suna ba. Ya fara ne da wani shiri na tashar BBC mai suna Not the Nine O'Clock News daga 1979 zuwa 1982, irin shirin nan na guntayen wasannin barkwanci, minti biyu minti uku an gama an shiga wani, kusan irin sikit ɗin da yaranmu ke yi yanzu a TikTok sai dai su a talbijin ne kuma a rubuce yake tsaf. Shi da Mel Smith da Griff Rhys Jones da Pamela Stephenson suka fi fitowa, suna shaguɓe ga 'yan siyasa da 'yan sanda da 'yan jarida. Akwai wanda ya fito a matsayin babban ɗan sanda yana yiwa wani kurtu faɗa saboda kullum mutum ɗaya yake kamowa da laifuffuka na ƙarya don kawai baƙar fata ne, ana dariya amma maganar mai nauyi ce a Ingila ta wancan lokacin. A nan bakinshi baya rufuwa wallahi. Daga nan yayi Blackadder daga 1983 zuwa 1989, zango huɗu, inda ya fito a mutum mai kaifin harshe da baƙar magana, kuma Turawan Ingila da yawa har gobe wannan suka fi ɗauka a matsayin babban aikinshi. Mu bai iso mana ba saboda dariyar tana cikin Turancin ne, in baka ji ba baka ji ba kenan.

Mista Bin sai ran 1 ga Janairun 1990 aka fara nunawa a tashar ITV. Amma kafin nan a 1987 yaje wani bikin masu barkwanci a birnin Montreal na Kanada, ya nemi a saka shi a ɓangaren masu jin Faransanci da gangan, don ya gani ko mutanen da basa jin yarenshi zasu yi dariya. Suka yi. Ni a gurina nan ne injiniyan ya fito, ya gwada na'urarshi kafin ya kai ta kasuwa. Shi yasa mu da muke jira a fassara mana fim ɗin Indiya kafin mu gane zancen, Mista Bin bamu taɓa neman mai fassara ba, kaka da jika su zauna tabarma ɗaya kowa na riƙe ciki.

Ka tuna wanda yaje jarrabawa? Ya karanta fanni ɗaya na lissafi sai ya zaro takardar wani fannin daga ambulan, ya ɓata lokacin gaba ɗaya yana leƙen na kusa dashi, yana hura takardar mutum, yana zamewa akan benci a hankali a hankali, sai saura minti biyu a tashi ya gane ashe takardar da ya karantawa tana cikin ambulan ɗin tun farko. Ka sake kallo ka lura da idonshi da yatsunshi, ba motsi ɗaya da ya faɗo haka kawai, komai an auna shi an maimaita. Marigayi Ibro, Allah ya jiƙanshi, ƙarfinshi a baki yake, kalma ɗaya zai jefo gida ya kacame. Shi kuwa wannan ya ajiye bakin ne ya ɗora kayan duka akan fuska da jiki, kuma wanda ya taɓa hawa dandamali ko na makaranta ne yasan tsayawa minti goma kana ba mutane dariya baka ce uffan ba aiki ne ja.

Wani abu kuma da ya taɓa min zuciya, mutumin yana da in'ina tun yana yaro. Shi da kanshi ya faɗa cewa in ya shiga rigar wani mutum daban a wasa sai in'inar ta ɓace. Iyaye masu yaro mai in'ina a gida don Allah a daina yi masa tsawa ana cewa yi sauri ka faɗa, a daina barin 'yan'uwanshi suna kwaikwayonshi.

Kuma ka san guda nawa ne shirin gaba ɗaya? 15 kacal, daga 1990 zuwa Disambar 1995. Maimaitawa ce tasa muke ganin kamar sun kai ɗari. Sauran sai fina-finai biyu na 1997 da 2007, da na katun da aka fara a 2002 wanda shi yake saka murya.

TAMBAYA: Malam na gani a Facebook ance Mista Bin ya rasu a haɗarin mota, wata ƙawata kuma tace ai ya musulunta kafin ya rasu. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa ba gaskiya bane. An sha yaɗa labarin mutuwarshi tun wajen 2012, wani lokacin har da tambarin gidan talbijin na bogi da linki wanda in kika danna wayarki ce zata shiga matsala, don haka kar ki danna kuma kar ki tura a guruf. Bayan duk waɗannan jita-jitar mutumin ya fito a Man vs. Bee na Netflix a 2022. Zancen musulunta ma a 2013 ya ɓulla a intanet, masu magana da yawunshi suka ƙaryata. Muna yiwa kowa fatan shiriya amma ba'a ɗorawa mutum abinda bai faɗa da bakinshi ba.

Haɗarin mota dai yayi, wataƙila nan ƙaryar ta samu gindin zama. Mayen motoci ne na gaske, yana da wata McLaren F1 da yayi haɗari da ita sau biyu, a 1999 da 2011. A na biyun ya ji ciwo a kafaɗa, gyaran motar ya ci kamfanin inshora fam 910,000. Akwai kuma abinda ya faru a Kenya a 2001, yana cikin ƙaramin jirgi da iyalinshi daga Mombasa zuwa Nairobi matuƙin ya suma, shi ya riƙe jirgin a sama har direban ya farfaɗo ya sauke su lafiya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe me yasa ya daina yin sabon Mista Bin? Kuɗi ne ya ishe shi? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Malam ba zancen kuɗi bane a fahimtata. Ya sha faɗa a hira cewa yin Mista Bin yana gajiyar dashi yana kuma saka shi damuwa, saboda nauyin dole sai ka ba mutane dariya, sannan ga shekaru. Tsalle-tsalle da faɗuwa na ɗan shekara 35 daban ne da na wanda ya haura 60, kuma halin yara a jikin dattijo yana iya komawa abin tausayi maimakon dariya. Ni na ga girmanshi a nan, da yawa cikin 'yan wasa sai sun tatse abu ɗaya har mutane sun gundura dasu.

Amma bai zauna ba. Yayi fim ɗin barkwanci na Johnny English har sau uku, 2003 da 2011 da 2018, ya fito a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012 yana danna maɓalli ɗaya na fiyano cikin gajiya duniya na kallo, a 2013 aka bashi lambar girmamawa ta CBE. A 2016 kuma ya fito a Maigret, ɗan sandan ciki ne na Faransa mai binciken kisan kai, ba dariya ko ɗaya a ciki. In ka samu ka nema ka kalla, minti biyar na farko zaka dinga jira ya zaro ido ko ya ɗauko ɗan tedinshi daga aljihu, daga baya sai ka manta shine.

Masu tambaya akan marigayi Samanja da marigayi Kasimu Yero mun ga saƙonninku, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.