Ga ƙanina mai shirin tahowa Ingila: saki, riƙon yara da rabon dukiya

Assalamu alaikum ƙanina. Saƙonka ya iso, ina kuma taya ka murnar samun gurbin digiri na uku, Allah Ya sa albarka. Ka ce abokanka sun cika ka da tsoro, wai duk wanda ya kawo matarsa Ingila, da idonta ya buɗe sai ta maka shi a kotu, ta kwashe yara, ta raba dukiyarsa gida biyu. Shi ya sa kake tunanin ko ka bar ta da yaranku biyu a gida, ko kuma ka mayar da takardun filinka da sunan yayanka kafin ku taso. Ka kuma tambaya ko sakin da mutum ya furta da bakinsa yana aiki a nan.

Ni ba lauya ba ne, amma shekarata 14 a ƙasar nan, kuma na raka mutum fiye da ɗaya zuwa kotun iyali. Abin da zan faɗa maka dokar Ingila da Wales ce, Sukotlan tana da tata daban.

Bari in fara da sakin. Auren da aka ɗaura muku a gida, muddin ingantacce ne a dokar can, kotun nan ta yarda da shi. Amma warware shi a nan sai ta hannun kotu, haka dokar iyali ta 1986 ta tanada. Na san wani bawan Allah da ya rubuta wa matarsa saki a gaban shaidu biyu, ta yi idda, kowa ya kama gabansa. Bayan shekara uku ya je ofishin rajista da wadda zai aura, jami'ar ta ce ya kawo takardar kotu da ta nuna aurensa na farko ya ƙare. Ya zaro 'yar takardar da ya rubuta da hannunsa, tana ninke a cikin walat har ta fara yagewa a tsakiya. Jami'ar ta karanta cikin ladabi, ta miƙa masa abarsa, ta ce a wajen doka har yanzu shi mijin waccan ne. Ko da a ce ya hau jirgi ya je gida ya furta sakin, ba zai fisshe shi ba, domin sakin baki da bai bi ta wata hukuma ba, ba a karɓarsa idan ɗaya daga cikin ma'auratan ya shafe shekarar da ta gabata yana zaune a Birtaniya. Majalisun malamai da ke nan suna raba aure ta fuskar addini, wannan kuma yana da muhimmanci a gare mu, sai dai takardarsu ba ta maye gurbin ta kotu.

Tun daga 6 ga Afrilu 2022 ba a neman a kafa wa kowa laifi. Idan aure ya kai shekara ɗaya, miji ko mata ko su biyun tare za su iya shigar da takarda cewa zama ya ƙi. A jira mako 20 kafin hukunci na farko, a ƙara mako 6 kafin na ƙarshe. Ba a buƙatar amincewarka idan ita ta nema, kamar yadda ba a buƙatar tata idan kai ka nema. Wannan ɓangaren abokanka sun faɗi gaskiya. Abin da mutane ke mantawa shi ne hukuncin saki aure kawai yake kashewa, maganar kuɗi tana nan a buɗe har sai alƙali ya sa hannu a kan yarjejeniyar rabo. A shari'ar Wyatt da Vince, sun rabu a kotu a 1992 ba su da ko sisi, daga baya mijin ya yi arziki da harkar lantarkin iska, kuma a 2015 Kotun Ƙoli ta ce tsohuwar matar tana da damar ci gaba da ƙararta.

To, ga maganar rabin dukiya da ta hana ka barci. Babu ayar doka da ta ce a raba biyu ido rufe. Dokar 1973, sashe na 25, ta jera abubuwan da alƙali zai duba: abin da kowa ke samu, bukatunsa, shekarunsa, tsawon auren, gudummawar da ya bayar, kuma gaba da komai jin daɗin yaran da ba su kai 18 ba. A shekarar 2000, a shari'ar White, manyan alƙalai suka ce ba za a fifita wanda ya fita nema a kan wanda ya zauna ya riƙe gida da yara ba. Daga nan ne raba daidai ya zama ma'aunin abin da aka tara a cikin aure. Abin da ka gada ko ka mallaka kafin aure yawanci ba a sa shi cikin rabo, sai idan sauran bai isa ya samar wa yara wurin kwana ba. Ga irinmu kuwa da ba mu tara wani abin kirki ba, bukata ce ke yanke hukunci, kuma wanda yara ke hannunsa yakan samu kaso mafi tsoka. Har fansho ana rabawa. Ka kuma lura, wuƙar nan baki biyu gare ta. Idan matarka ta zo ta kama aikin jinya tana ɗaukar albashi kai kana ɗalibi, kai ne doka za ta iya tausaya wa.

Dabarar sa sunan yayanka ita ce na fi so ka janye. Akwai wata takarda da ake kira Fom E, kowane ɓangare zai cike ta ya sa hannu cewa gaskiya ya faɗa. Tana neman duk abin da ka mallaka a ko'ina a duniya, da bayanan asusun bankinka na wata 12. Na taɓa zama da wani aboki har tsakar dare muna cike ta, takardun banki baje a kan tebur. Ya tsallake gurbin kadarorin ƙasar waje, ya ce wa zai sani? Na ɗauki biro na zagaye masa kuɗin da yake turawa gida duk ƙarshen wata, adadi ɗaya, ga mutum ɗaya, har da kalmar "gini" da shi da kansa ya rubuta a wajen bayani. Ya yi shiru, ya karɓi biron. Lauyan matarsa da ido ɗaya zai gano wannan. Kotu tana da ikon soke kyauta ko cinikin da aka yi don a hana abokin aure haƙƙinsa, kuma idan an yi shi cikin shekara 3 kafin ƙara, ɗauka ake yi da wannan niyyar aka yi, kai ne za ka wanke kanka. Ko da hannun alƙali bai kai ga filin ba, zai lissafa shi a kasonka ya ba ta mafi yawan abin da ke nan. Kuma tsakanina da kai, yayan naka ma rai gare shi. Ranar da ta Allah ta kasance, filin ya shiga gadon 'ya'yansa, da wace takarda za ka yi magana?

Kada kuma ka ce za ka riga ta zuwa kotun gida. Dokar 1984 ta ba wanda aka saka a ƙasar waje damar neman haƙƙin dukiya a nan idan yana da alaƙa mai ƙarfi da Ingila. Shahararriyar shari'ar da ake kafa hujja da ita ma ta 'yan Najeriya ce, Agbaje, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2010. Kotun Najeriya ta raba su bayan aure na shekaru sama da 30, matar ta ga abin da aka ba ta bai taka kara ya karya ba, ta kawo kuka London, ta kuma yi nasara.

Sai yara. Mun taso da sanin cewa a mazhabar Malikiyya uwa ce ke da riƙo har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, uba na ciyarwa. A nan dokar yara ta 1989 ba ta ba uwa ko uba fifiko ba, abin da ya fi zama alheri ga yaron shi ne gaba. Tun 2014 ma hukuncin da ake bayarwa cewa kawai yake yi ga wanda yaro zai zauna da shi, ga kuma lokacin da zai riƙa kasancewa da ɗayan. Kafin a shiga gaban alƙali sai an fara zuwa wajen mai sulhu, sai fa idan akwai duka ko cin zarafi. Idan abu ya ƙi, jami'an wata hukuma mai suna Cafcass su zauna da iyaye, su zauna da yaran su kaɗai, su rubuta rahoto. A nan ne mazanmu da yawa ke faɗuwa, ba don su maza ne ba. A tambayi mutum sunan malamar ajin 'yarsa, ko wane magani ɗansa ke sha idan asma ta tashi, sai ya kama sosa ƙeya. Alƙali yakan bar yara inda suka saba samun kulawa. In kana son a ji muryarka ranar da ba ma fata, tun yanzu ka zama mai kai su makaranta da asibiti.

Abu ɗaya da ba a yafewa shi ne ɗauke yaro. Fitar da yaron da bai kai 16 ba daga Birtaniya ba tare da yardar ɗayan iyayen ko izinin kotu ba laifi ne da ke kai mutum kurkuku, ko da kai ka haife shi. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 ta mayar da yaran da aka gudu da su, shi ya sa da zarar rigima ta ɓarke alƙalai ke ɗari-ɗari da barin a kai yara gida ko da hutu ne, wani lokaci har a karɓe fasfo ɗinsu. Kuɗin ciyarwa kuma akwai hukumar da ke lissafa shi daga albashi kafin a cire haraji: ga mai matsakaicin samu, kashi 12 cikin 100 idan yaro ɗaya ne, 16 idan biyu ne, 19 idan uku ne ko fiye, ana ragewa gwargwadon kwanakin da suke yi a wajenka.

Abin da abokanka ba su gaya maka ba shi ne, a shekarun farko matarka ce ke tsaye a kan ƙafa ɗaya, ba kai ba. Tun Janairun 2024 ɗalibai kaɗan ne aka bari su zo da iyali, irinku masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, kuma bizarta a jikin taka take rataye. Idan kuka rabu dole a sanar da ma'aikatar cikin gida, yawanci a rage mata izinin zama zuwa kwana 60. Wasu mazan sun mayar da wannan bulala, abu kaɗan sai "zan sa a mayar da ke." Ka kiyayi wannan furuci ko da wasa. Tun 2015 mallake abokin zama ta hanyar tsoratarwa, ƙwace fasfo, hana shi kuɗi ko hana shi hulɗa da mutane laifi ne da ke iya jawo ɗaurin shekara 5, kuma saƙonnin WhatsApp ɗinka su ne za su zama shaida.

A nawa ganin ka taho da iyalinka. Shekara uku ko huɗu kana nan suna can, shi ma yana da irin tasa ɓarnar, na ga gidajen da nisa ya cinye ba tare da an je kotu ba. Filin ka bar shi da sunanka. Ka miƙa wa ƙanwar tawa wannan saƙo ta karanta da idonta, domin ita ma ya kamata ta san inda za ta sa ƙafa. Ku taho da takardar shaidar aurenku ta asali da takardun haihuwar yaran, duk wadda ba da Turanci take ba a fassara ta a wajen mai fassara da aka amince da shi. Idan an sa ranar tafiya ka sanar da ni in zo tarbarku a filin jirgi. Ka gaida mutanen gida.