Tambaya da Amsa: Taya, Janti da Amortisa Kafin Bazara Ta Kankama

Wasiƙun wannan karon yawancinsu na masu mota mai dogon baya ne, wadda muke kira birek. Ita ce ta zuwa aiki da kai yara makaranta, ranar kasuwa kuma a loda mata buhunan hatsi. Mun zaɓo huɗu.

Tambaya daga Tawa: Na sayi Passat birek ta hannu, zuwan Turai. Tayoyinta kamar sabbi, zanensu da zurfi, amma akwai rubutun M+S da hoton dutse mai ƙanƙara a ciki. Mai faci ya ce lafiyarsu lau. Kowane mako ina zuwa Ƙonni. In bar su?

Amsa: Malam, duba sunan da ke jikin tayar tukuna. Hoton dutse mai tsini uku yana fitowa a tayar hunturun Turai, yana kuma fitowa a wadda aka yi don kowane yanayi. In ka ga Winter, Snow ko Alpin, kuma kowane ƙullin zane yana da ƙananan tsage-tsage rututu kamar an bi shi da reza, to ta hunturu ce, kyanta kuwa kyan ɗan maciji ne. An haɗa robarta ta yi laushi a sanyin da bai kai digiri 7 ba. Mu kuwa a Afrilu da Mayu iska kan kai digiri 44 ko 45, kwalta da tsakar rana ta wuce 60. A irin wannan zafi robar sai ta saki: motar ta riƙa lilo a kwana, birki ya ƙara nisa kafin ta tsaya, zanen nan da ya burge ka ya cinye da wuri. Mai yawo cikin gari a hankali zai iya lallaɓawa ya ƙarasa su. Kai da ke bin doguwar hanya da kaya, canza su.

In ka je saye, abu uku za ka karanta a gefen taya kafin a fara ciniki. Na farko shekarunta. Nemi layin da ya fara da DOT, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanonin taya suna cewa a riƙa bincikarta kowace shekara in ta kai biyar, a jefar da ita in ta kai goma ko da zanenta bai taɓu ba. A zafin ranar Adar, wato yankin Tawa, mu ba ma ba da shawarar a wuce shida. Na biyu, lamba da harafin da ke bayan girman, misali 91H. Ma'anar 91 ita ce taya ɗaya na ɗaukar kilo 615, 94 kilo 670, 95 kilo 690. H kuma gudun kilomita 210 a awa, T 190, V 240. Ba don za ka yi wannan gudun ba, harafin gudu mai yawa alama ce ta tayar da ta fi jure zafi. Kada ka sauka ƙasa da abin da ke rubuce a takardar da aka manna jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai, kuma birek mai ɗaukar kaya ta fi son wadda aka rubuta wa XL, wato mai ƙarin ƙarfin ɗaukar nauyi. Na uku, in akwai rubutun Temperature, wato juriyar zafi, A ya fi B, B ya fi C.

In aljihu bai kai ga sabuwa ba, a ciro ta hannun daga janti, ƙarfen da taya ke hawa, ka leƙa cikinta da fitila. Faci a gefe, ƙullutu, ko baƙin garin roba a ciki, wanda ke nuna an taɓa tafiya da ita ba iska, duk ka bar wa mai ita. Araha ba ta ado. In biyu kawai za ka iya saye, sabbin su tafi baya, don bayan mota ne ke zamewa ba tare da sitiyari ya iya cetonsa ba, musamman a ruwan farko na damina.

Tambaya daga unguwar Wadata, Yamai: Ina da Peugeot 307 SW mai taya 195/65 R15. Ina son jantin alminiyam inci 17 ko 18 don ta yi kyau. Da matsala?

Amsa: Samari, bari mu yi lissafi. A 195/65 R15, faɗin taya milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 127. Wannan gefen shi ne katifar da ke tsakanin jantinka da bakin rami. Tunda dole zagayen ƙafar ya zauna yadda yake, kusan milimita 634 daga sama zuwa ƙasa, duk incin da janti ya ƙaru daga gefen taya ake cire shi. A 205/55 R16 ya rage 113. A 225/45 R17 ya koma 101. A 225/40 R18 saura 90. Ka faɗa rami ɗaya da daddare, bakin kwalta ya matse gefen da janti, zaren ciki ya tsinke, washegari ka ga ƙwai ya fito. Ƙwan nan ba ya gyaruwa. Jantin ƙarfe in ya lanƙwashe ana buga shi ya miƙe. Na alminiyam tsagewa yake, walda kuma ba abin dogaro ba ce a ƙafar mota. In kwalliya kake so, tsaya a 16.

Sannan ba kowane janti mai huda huɗu ne naka ba. Na Peugeot 4x108 ne, wato huda huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 108, ramin tsakiya milimita 65.1. Na tsohuwar Corolla 4x100 ne, ba zai hau ba. Na Ford ma 4x108 ne, amma raminsa 63.4, ba zai zauna a kan cibiyar ba, kada wani ya ce zai fafe maka shi. In ramin ya fi naka faɗi, sai da zoben cikewa, in ba haka ba sitiyari zai riƙa karkarwa da ka kai gudun 90 ko 100. Duba lambar ET a bayan janti, ita ce ke faɗin yadda ƙafar za ta shige ciki ko ta fito waje. Kada ta bambanta da ta asali fiye da milimita 5. Bulon, wato ƙusar ɗaure janti, ma da nasa: jantin alminiyam na Peugeot mazauninsa shimfiɗaɗɗe ne, na kasuwa galibi mai tsini, na Volkswagen mai zagaye. In mazauni bai dace ba, zai kwance a hanya komai ƙarfin da aka sa. Kuma kada yaron gareji ya hau makulli da ƙafa yana tsalle. A ɗaure daidai ƙarfin da kamfanin motar ya rubuta, a sake ɗaurewa bayan kilomita 50.

Tambaya daga wata uwargida a Yantala: Mai faci kan rage mini iska da rana, ya ce kada taya ta fashe. Daidai ne?

Amsa: Hajiya, kuskure ne, kuma ya yaɗu. Tayar da ta yi tafiya takan ƙara bar 0.2 zuwa 0.3, abin da masu faci ke kira kilo, kuma an yi lissafin hakan tun daga kamfani. Ƙarancin iska ne ke fasa taya, domin gefenta yana ta lanƙwashewa yana tara zafi har roba ta rabu da waya. Ki auna da safe kafin ki fita, ki bi takardar jikin ƙofa, wadda ke da layi biyu, na mota wayam da na mota cike. Kada a manta da tayar ajiya.

Tambaya daga Tawa: Avensis birek ɗina in na ɗauki iyali da kaya zuwa Keita, bayanta zama yake har cikinta na taɓa duwatsu. An ce in sa amortisa mai tauri.

Amsa: Alhaji, amortisa ba ya ɗaukar nauyi. Resor, ƙarfen nan mai murɗi, shi ke ɗauka. Amortisa hana shi tsalle kawai yake. Ka ajiye motar wayam a wuri mai daidai, ka auna daga tsakiyar janti zuwa bakin jikin mota a kowace ƙafa. In hagu da dama sun bambanta da fiye da santimita ɗaya, ko baya ya yi ƙasa sosai, resor ya gaji ko zagayensa na ƙasa ya karye. A canza biyun baya tare, kuma a tabbata na birek ne, domin sau da yawa na ƙaramar Avensis mai gajeren baya ya fi laushi ko da ya shiga daram. Akwai masu ƙarfi na ɗaukar kaya, su ne maganin damuwarka.

Shi amortisa, alamun mutuwarsa su ne mai yana zuba a jikinsa ƙura ta manne, mota tana ta rawa bayan ta haye tudun rage gudu, da taya mai cinyewa tudu da kwari. A kan gargada yana aiki babu hutu, man cikinsa ya yi zafi ya yi kumfa, ƙarfinsa ya tafi. Mai gas ya fi jure wannan. KYB, Sachs, Monroe da Bilstein duk suna yin irin na asali, sai dai jabu ya yi yawa, saboda haka a duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta dace da ta kwali. Biyu-biyu ake canzawa, tare da robar sama da rigar da ke kare sandar daga rairayi. Rigar nan in ta yage, sabon amortisa ba ya daɗewa.

Resor ɗin sauke mota da samari ke so, mai rage santimita 3 ko 4, na titin Turai ne. Ɗagawa kuma tana da iyaka: zobe mai kaurin santimita 2 a saman resor ya isa, fiye da haka kardan na gaba, sandar da ke juya ƙafa, zai karkace, rigarsa ta yage. Maye 205/55 R16 da 205/60 R16 na ɗaga motar da santimita ɗaya, amma agogon gudu zai nuna ƙasa da yadda yake nunawa da kusan kashi 3, kuma a murɗa sitiyari har ƙarshe a ga ba ta goga.

Tunda an kwance ƙafa, a duba rotil, gaɓar da ƙafa ke juyawa a kai, da silambulok, robar da ke cikin hannun da ke riƙe ƙafa. Makanike ya ɗaure bulon ɗin silambulok bayan an sauke motar ta tsaya da nauyinta, don in an ɗaure tana rataye, robar murɗewa take ta tsage cikin ƴan watanni. Daga nan a wuce wurin saita ƙafafu da na'ura kafin a sa sabbin tayoyin a hanyar Keita.